Abin da Matatar Ta Yanke

Me ake kiran 'yar da ta san maganin damuwar mahaifinta, maganin yana bakinta, amma ta yi gum har kwana biyar don tana son ta ga halin wani namiji? Na juya tambayar nan a cikin mota, na juya ta ina wanke-wanke har na wanke kofi ɗaya sau uku, ban samo mata suna mai daɗin ji ba. Ku da kuke karantawa ku taya ni nema. Amma ku bari in gama tukuna, don ni ce 'yar.

Ga waɗanda yau suka fara biyo ni: ina aiki a wani ƙaramin kamfani da ke haɗa burauza, wato manhajar da ake buɗe shafukan intanet da ita a waya. Tamu ba ta gama fitowa ba, zubin gwaji muka saki don mutane su yi amfani da shi su gaya mana inda yake ciwo. Ni ce mai karɓar ƙorafin, shi ya sa a ofis Kunne suke ce mini. Teburina yana ƙarƙashin na'urar sanyaya ɗaki mai ɗigar ruwa, kullum da roba a gefen ƙafata. A rana mai sauƙi saƙo ɗari shida nake gani. Wani ya zage mu, wani ya yi mana addu'a, wani ya tambaya ko muna sayar da caja. Babu suna a jikin saƙon, lamba ce kawai da irin wayar. Kuma ranar da aka ɗauke ni aiki na sa hannu cewa ko na gane mai saƙo ba zan faɗa ba.

Tebur na uku daga nawa nan namijin da na ambata yake zama. Shi ne mai gyara abin da ya lalace. Dogo ne, riguna huɗu gare shi duk ruwan toka, wai don kada zaɓen riga ya ci masa lokaci da safe. Kalma Uku ake kiransa, saboda amsarsa ga kowane ƙorafi ɗayan biyu ce: "Na gyara shi" ko "Ban gani ba." Ranar da ya tsayar da ni a bakin matakala ya faɗi abin da ke ransa ma na ƙirga, bai kai ukun ba. "Ina sonki," ya ce, ya tsaya yana jira kamar wanda ya danna maɓalli.

A gidanmu kuwa Injiniya ne, ko da yake hotonsa kaɗai suka gani. Asabar ɗin nan zai zo gaida Baba. Tun Lahadi Umma ta sa aka sauke labulen falo aka wanke, Gwaggo kuma ta tare a gidanmu da jakar kayanta ba tare da an kira ta ba.

"Ke, ki faɗa mini gaskiya," Umma ta ce tana goge gilashin kabad. "Kin yanke ko ba ki yanke ba? Kada ki sa dattijo ya rufe shago ya zauna jiran baƙo, daga baya ki zo kina mini 'Umma ni fa har yanzu ina tunani.'"

"Tunanin me?" in ji Gwaggo daga kan kujera. "Yaro ga tsayi ga aiki. Mu da aka nuna mana namu ta taga."

"Gwaggo, ai ke kika ce naki ta taga ya gudu."

"Ya dawo ta ƙofa, marar kunya."

Na yi wa Umma alkawari zan ba ta amsa daren Juma'a. Idan eh ce, ya zo. Idan a'a ce, ta san yadda za ta gaya wa Baba.

Abin da ban gaya musu ba shi ne matatar. Kalma Uku ya haɗa wa kansa wata 'yar dabara a kwamfuta, duk saƙon da zai isa allonsa sai ya bi ta cikinta. Ta yanke sallama, ta yanke godiya, ta yanke addu'a da labarin iyali, ta bar masa jimlar da ke ɗauke da "ya tsaya" ko "ya ɓace" ko "ba ya aiki". Ni ina ganin saƙo cikakke, shi yana ganin ƙashinsa. Akwai ɗan wuri a gefe da zai taɓa ya ga sauran, ban taɓa ganin ya taɓa ba. Kuma na fara lura ni ma yana tace ni. In ina ba shi labarin yadda muka kwashe da Gwaggo, sai ya saurara da kyau, ya gyaɗa kai, ya ce, "Wato dai me ya faru?" Yana faɗa da murmushi, ba da wulaƙanci ba. Amma mace tana tunanin shekara talatin na "wato dai me ya faru".

Ranar Litinin da hantsi saƙo mai lamba 417 ya shigo. Ga shi yadda yake:

"Assalamu alaikum. Ina kwananku, ya aiki, ya gajiya, ya iyayenku da iyalanku? Allah ya sa wa aikinku albarka. Maƙwabcina mai gyaran waya ne ya saka mini abin nan naku. Ina kuma gode wa Allah da ya ba ni 'ya mai hankali, wadda ta mayar mini da rubutun wayar nan manya-manya tun bara saboda idona, ko da yake ban taɓa yi mata godiya a fili ba. Abin da ya kawo ni ƙarami ne. Idan na gama rubuta ra'ayina a shafin gidan rediyo, maɓallin aikawa ya ɓace. Ku gafarce ni da tsawaitawa."

Na karanta, na ji kunnuwana sun yi zafi. Mutum ɗaya na sani a duniya da ke cewa "ku gafarce ni da tsawaitawa" ko da gishiri ya ce a miƙo masa. Na duba irin wayar: ita ce, wadda na saya masa, mai tsage a kusurwa. Baba ne. Baban da ke ce wa aikina "danne-danne", wanda in baƙi suka tambaya yake cewa, "Tana can tana danne-danne, wai aiki." Ashe ya lallaɓa daga shagonsa na gyaran agogo ya shiga na maƙwabci, ya sa an saka masa burauzar 'yarsa a ɓoye.

Kuma nan take na san ciwon. Manyan haruffan ne suka ture maɓallin ya faɗa ƙasan allo. Duk ofishinmu babu wanda ya haura talatin da biyar, idon kowa garau, babu wanda ya taɓa gwada abin da manyan haruffa. Layi ɗaya zan kwafa in manna a akwatin bayani, kafin azahar an gyara.

Na ɗora hannu a kan linzamin kwamfuta. Sai na ɗaga kai na kalli tebur na uku. A allonsa abin da ya rage na wasiƙar Baba shi ne: maɓallin aikawa ya ɓace. Ya ɗauki sabuwar wayar gwaji, ya buɗe shafin, ya ga maɓalli zaune daram. Ya rubuta, "Ban gani ba." Ya rufe.

Na janye hannuna. Na ce wa kaina, bari in ga ko zai karanta da kansa. Kwana ɗaya kawai.

A daren muna cin abinci Baba ya ajiye cokali ya ce, ba tare da ya kalli kowa ba, "Mutanen yanzu. Ka yi wa mutum sallama, ka tambayi iyayensa, ya ce maka bai gani ba."

"Waye kuma?" in ji Umma.

"Wani ne."

"A shago?"

"Wani ne dai, na ce miki. Ku gafarce ni da tsawaitawa."

Shayi ya sarƙe ni, Gwaggo ta dinga bubbuga mini baya tana cewa alamar aure ce.

Ku fahimci abin da shafin rediyon nan yake a wurin Baba. Duk Alhamis da ƙarfe shida akwai shirin da ake karanta ra'ayoyin masu sauraro. Shekara shida bai taɓa fashi ba. Mai gabatarwa har ya saba, yana cewa, "Ga kuma dattijonmu mai agogo." Baba zai yi kamar bai ji ba, ya ci gaba da goge tabarau, amma ranar ko kofi ka fasa ba zai yi faɗa ba. Tsohuwar burauzar tana nan a wayarsa, da ya koma mata da ya aika ra'ayinsa cikin minti ɗaya. Bai koma ba. Na leƙa ta bayansa ranar Talata na gan shi yana ta jan allo sama da ɗan yatsa ɗaya, a cikin tamu.

Talata wasiƙa ta biyu ta zo, Laraba ta uku. Akwatin ƙorafi ba a cikin shafi yake ba, shi kaɗai ne maɓallin da bai ɓace masa ba, sai ya riƙe shi da kyau. Kowace wasiƙa ta fi ta jiya tsawo. Ya tambayi lafiyar wanda ya amsa masa, ya ce wataƙila gajiya ce ta sa ya taƙaita. A ofis aka sa masa suna Mai Gaisuwa. Mai zanen shafukanmu, wata 'yar gajeriya mai dariya kamar ana buga kwano, takan leƙo ta ce, "Kunne, surukinmu ya rubuto yau?" Ba ta san abin da take faɗa ba. Ni na sani, na yi dariyar da ba ta kai ciki ba.

Ranar Laraba na ɗauki kofina na je teburin Kalma Uku.

"Malam, 417 ya dawo."

"Na gani. Ban gani ba." Ya yi murmushi, ya gane abin da ya faɗa.

"Ka karanta duka mana. Ka taɓa nan ka ga sauran."

"Me ke ciki?"

"Mutum ne a ciki."

Ya juyo da kujerarsa sosai, abin da ba ya yi wa kowa sai ni. "Kunne, saƙo ɗari shida. In na tsaya amsa ya gajiya ya iyali, mutum ɗari biyar da wayarsu ke mutuwa a hannunsu za su jira. Gaisuwa ba bayani ba ce. In akwai bayani a ciki, ai ke za ki ciro mini. Ba aikinki ke nan ba?"

Nan ya kama ni. Aikina ne. Gaskiyarsa ta fi tawa tsayuwa da ƙafa, shi ya sa ta ba ni haushi. Na ce, "To," na koma na zauna kusa da robata ina sauraron ɗigar ruwa.

Da la'asar saƙonsa ya shigo wayata: "Kin yi fushi?"

Na rubuta masa layi tara, na goge. Na aika: "Ban gani ba."

Ya turo fuskar dariya guda uku. Shi a wurinsa wasa ne.

Alhamis na dawo gida da wuri. Na cire doguwar rigar ofis na sa ta gida mai ɗigo-ɗigo, na zauna a ƙofar falo ina tsince shinkafa. Baba ya kunna rediyo tun shida saura. Ya sa farar rigarsa, ya zauna a kujerar da babu mai zama sai shi, tabarau a hannu. Aka karanta ra'ayin direba, aka karanta na wata malamar makaranta, aka karanta na wani da bai ma fahimci tambayar ba. Daga ƙarshe mai gabatarwa ya ce, "Yau ba mu ji daga dattijonmu mai agogo ba, Allah ya sa lafiya." Aka sa kiɗa.

Baba ya kashe rediyon a hankali. Ya ce, "Shirin yau bai yi armashi ba." Ya tashi ya shiga ɗaki.

Ban san lokacin da na zubar da tsintacciyar shinkafar cikin wadda ban tsince ba. A nan ne tambayar da na fara da ita ta same ni. Na ce ina gwada Kalma Uku ne, amma ba shi ya zauna gaban rediyo ba. Shi yana can yana cin abincinsa lafiya lau, bai ma san ana gwada shi ba. Wanda ya biya kuɗin jarrabawar bai shiga ajin ba. Kuma in na duba da kyau, me ya bambanta ni da matatar? Ita ta yanke layin don ba ta da hankali. Ni na gan shi, na gane shi, na rufe a kansa.

Juma'a da safe wasiƙa ta biyar ta zo, ita ce mafi gajarta. Bayan gaisuwa ya ce ba zai ƙara damunmu ba, ya san muna da manyan ayyuka, wataƙila laifin idonsa ne. Ya yi mana fatan alheri. A allon Kalma Uku babu abin da ya fito ko kaɗan, don babu "ya tsaya" babu "ya ɓace". Matatar ta cinye wasiƙar ɗungurungum.

Lokacin hutun rana na same shi a ɗan ɗakin shayi yana juya cokali.

"Gobe ƙarfe nawa zan zo?" ya tambaya. "Na sayi riga. Shuɗiya."

Wallahi sai da zuciyata ta motsa. Shuɗiya! Amma na dake.

"417 ya yi sallama da mu. Ya ce ba zai ƙara rubutowa ba."

"To, an huta."

"Ba ka ga wasiƙar ba ma. Abinka ya haɗiye ta duka." Na ajiye kofina. "In na yi maka magana, nawa kake ji a ciki? Rannan na ba ka labarin Gwaggo minti goma, ka ce wato dai me ya faru. Babu abin da ya faru. Labarin ne abin. Mutane ba sa ajiye abin da ke damunsu a inda ka ce su ajiye, wani a tsakiyar godiya yake sa nasa. Ni ban san me zan gaya wa Umma yau ba, gaskiyar ke nan."

Ya daina juya cokalin. Mai zanen shafukanmu ta leƙo da kofinta, ta ga fuskokinmu, ta ce, "Au, ashe ba ƙishirwa nake ji ba," ta juya.

"Ba zan iya karanta ɗari shida ba," ya ce a hankali.

"Ban ce ɗari shida ba."

Na nemi izini wurin manaja na tafi gida da la'asar. A mota na yanke shawara biyu. Zan gaya wa Baba komai, ya yi mini faɗan da na cancanta, ranar Litinin kuma in manna layin nan kamar yadda ya kamata in yi tun farko. Umma kuma zan ce mata a ɗaga zuwan.

Na tarar da Gwaggo tana gwada mayafai uku a gaban madubi, wai wanne ya fi dacewa da gwaggon amarya. Umma ta bi ni da ido tun daga ƙofa, na ce mata, "Bayan magariba, Umma." Baba yana baranda a ɗan teburinsa na gida, ya baje cikin wani agogon hannu a kan farin ƙyalle, gilashin gyara maƙale a ido ɗaya. Na jawo kujera na zauna kusa da shi.

"Baba, ina da magana."

"In ta gobe ce, uwarki ta riga ki."

"Ba ita ba ce. Wato... a wurin aikinmu..."

"Danne-danne."

"Eh, danne-danne."

Wayata ta yi motsi a cinyata. Na so in ƙyale ta, sai idona ya faɗa kan allon. Saƙon ya cika shi har ya wuce. Ban taɓa ganin haka daga lambar Kalma Uku ba.

"Na kashe matatar. Na karanta biyar ɗin, sau biyu. Tun ranar Litinin ya faɗa, rubutun wayarsa manya ne, shi ya ture maɓallin. Na gwada, na gani. Na gyara, zai sauka a wayarsa yau. Ba shi kaɗai ba ne, na samu mutum goma sha ɗaya masu irin matsalar, duk na rufe su da ban gani ba. Kunne, mutumin nan sau huɗu yana tambayar lafiyar iyayena. Ina so in rubuta masa da kaina, ba ke ba. Na rubuta assalamu alaikum, na rubuta ina wuni, na tsaya. Me ake cewa bayan nan? Kada ki yi dariya."

Ban yi dariya ba. Na dai rufe baki da gefen mayafi, kafaɗuna suna rawa.

"Lafiya?" in ji Baba, bai ɗago ba.

"Lafiya lau. Baba, tambaya. In yaro ya yi wa dattijo laifi, yana so ya rubuta masa, bayan ina wuni me zai ce?"

Ya ɗauki wani ɗan ƙaramin ƙarfe da hantsaki, ya saita shi. "Sai ya tambayi iyali. Sannan aiki. Sannan gajiya. Kada ya yi gaggawar kai wa ga laifin, kamar mai son ya sauke kaya ya gudu. In ya iso, ya kira laifin da sunansa, kada ya ce 'in na yi kuskure'. Ya san ya yi."

Ina rubutawa yana faɗa, kalma da kalma. Na aika.

"Waye yaron?"

"Wani ne."

Ya ɗago ya kalle ni da ido ɗaya ta cikin gilashin, ya koma kan agogonsa. "Maganar taki fa?"

"Tana zuwa, Baba. Ka ba ni minti goma."

Umma ta leƙo ta taga ta ɗaga mini gira. Na gyaɗa mata kai. Ta ɓace, na jiyo Gwaggo daga ciki tana cewa to ai shi ke nan, mai ruwan zuman za ta yafa.

Minti goman bai cika ba wayar Baba ta yi ƙara a aljihun rigarsa. Ya ciro ta, ya cire gilashin ido, ya sa tabarau. Ya ja allon sama da ɗan yatsa. Ya sake ja. Ya sake ja, bai kai ƙarshe ba. Ya dube ni, ya dubi wayar, na ga yana auna ko zai bari in ga abin da ya ɓoye mini mako guda.

Sai ya miƙo mini ita.

"Karanta mini," ya ce. "Daga farko. Kada ki tsallake gaisuwar."